Filin Maharba: A Gwada Bindiga A Takarda Kafin A Kai Ta Daji

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙasar Abuja, aka yanke dawa, aka shiga haƙar doya, ciyawa ta bushe, sai maharba su sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina. Daga ƙauyukan Kwali da Abaji har zuwa na Kuje da Bwari, a wannan lokaci ne zabin daji suke haɗuwa garke-garke, suna bin gonakin da aka girbe suna kalar hatsi da sassafe da kuma la'asar sakaliya. Fakara tana nan a gefen fadama, kazar dutse kuwa tana cikin duwatsun da Allah ya wadata wannan yanki da su.

To, amma duk wanda ya taɓa zama cikin hirar maharba ya san kukan da aka fi yi. An lallaɓa, an auna, an ja kunama, gashi ya tashi sama, zabo kuwa ya faɗi ya miƙe ya shige ƙaya da ɗingishi. Wani ya ce harsashin zamanin nan ba shi da ƙarfi, wani ya ce baki aka yi masa, wani kuma ya ce naman ba rabonsa ba ne. Rabo gaskiya ne, babu Musulmin da zai yi musun wannan. Sai dai fa a cikin masu wannan kuka da wuya a sami wanda ya taɓa kafa takarda ya harbe ta, don ya ga da idonsa inda ƙwayoyin bindigarsa suke zuwa. Mutum yakan shekara ashirin da bindiga bai san halinta ba, alhali kuwa harsashi biyar da yammaci ɗaya sun isa su nuna masa. Hasarar wannan rashin sani kashi uku ce: kuɗin harsashi ya tafi, tsuntsu ya je ya mutu cikin wahala inda ba wanda zai amfana da shi, wani lokaci kuma ƙwayar da ta kuskure zabo ta sami ɗan Adam.

DARASI DAGA MAHARBA TALOTALO

A nan ƙasar talotalo tsuntsun gida ne, amma a Amurka, inda asalinsa yake, akwai na daji, wanda namijinsa yakan kai nauyin kilo 8 ko 10. Turawan da suka fara ganinsa sun rikita shi da zabon Afirka, shi ya sa har yau kalma guda, watau meleagris, take cikin sunayen da masana kimiyya suka ba tsuntsayen biyu. Harbi babu ƙa'ida da sarar daji sun kusa ƙarar da shi, har ƙiyasin da aka fi ambata ya ce wajen 1930 abin da ya rage bai wuce 30,000 ba. A 1937 aka yi dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai don raya namun daji. Aka ƙayyade lokacin farauta da yawan abin da mutum zai kashe, aka riƙa kama talotalo da rai ana kai shi dazuzzukan da ya ƙare. Kafin farkon shekarun 2000 yawansa ya tasam ma miliyan 7.

Da yake doka ba ta ba maharbinsu damar kashe fiye da 'yan kaɗan a shekara ba, sai harbi ɗaya ya zama abu mai daraja a wurinsa. Yakan zauna a gindin itace yana kwaikwayon kukan macen har namijin ya matso, sa'an nan ya auna kai da wuya, domin gashin jikin talotalo da kaurin namansa suna tare ƙwaya. Kai da wuya kuwa ba su fi tsawon hannu da kaurin taɓarya ba. Saboda haka kafin ranar buɗe farauta sai ya kafa takarda a nisan yadi 40, ya harba, ya zana da'ira mai faɗin inci 10, ya ƙirga hudojin da ke ciki. Abin da suka saba nema shi ne ƙwaya 100 a cikin da'irar. Idan bindiga ba ta kai haka ba, sai ya sake harsashi, ko ya rage nisan da zai yarda ya yi harbi. Zabo bai fi kilo ɗaya da rabi ba, kuma ba da kira ake samunsa ba, amma wannan al'ada ta gwaji ita ce abin da maharbin Abuja zai ara ya yafa.

MATSIN BAKI DA GIRMAN ƘWAYA

Bindigar tsuntsu ta bambanta da ta soja. Cikin bututunta sumul yake, kuma ba harsashi guda take jefawa ba, tarin ƙwayoyin dalma take watsawa, kamar yadda manomi yake yafa irin shinkafa. Suna fita daga baki a dunƙule, suna yin nisa suna bazuwa. Abin da ke hukunta yawan bazuwarsu shi ne ɗan matsin da maƙera suke yi wa bututu daf da bakinsa. A bindiga mai lamba 12, wadda aka fi yawan gani, faɗin bututu milimita 18.5 ne, matsi mafi tsanani na al'ada kuwa bai wuce milimita 1 ba. Wani maƙerin Birmingham a Ingila, W. W. Greener, shi ne ya shahara da wannan dabara bayan bindigoginsa sun lashe wata gasar gwaji a 1875.

Ma'aunin da maƙera suka daɗe suna bi shi ne da'ira mai faɗin inci 30, watau santimita 76, a nisan yadi 40, watau mita 36 da ɗoriya. Bututun da ba shi da matsi ko kaɗan yakan zuba kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyinsa a cikin da'irar. Mai rabin matsi yakan zuba kashi 60, mai cikakken matsi kuma kashi 70. A yawancin bindigogi masu baki biyu bututun dama ya fi sakewa, na hagu ya fi matsi, domin an ɗauka cewa harbi na biyu zai sami tsuntsu ya riga ya yi nisa. Da yawa daga masu irin wannan bindiga ba su san haka ba, kowace kunama ta zo hannu ita suke ja.

Akwai kuma wani zato da ya yi ƙarfi a tsakanin maharba, wai doguwar bindiga ta fi cin nisa. Da irin albarushin da ke cikin harsashin kanti, ƙarin 'yan inci a tsawon bututu ba ya ƙara wani nisa na a zo a gani. Matsin baki da irin harsashi su ne masu aikin. Haka nan wanda ya sa zarto ya rage bututu ya yanke matsin gaba ɗaya, ban da cewa doka ta hana a gajarta shi ƙasa da inci 20.

Girman ƙwaya shi ne abu na biyu. Lambar da ke jikin harsashi tana hawa, ƙwaya tana ƙanƙancewa, yawanta yana ƙaruwa. A lissafin Ingila, harsashi mai ɗauke da giram 32 na dalma yana da ƙwaya kimanin 40 idan AAA ne, kimanin 80 idan BB ne, kimanin 190 idan lamba 4 ne, kimanin 250 idan lamba 5 ne, lamba 6 kuwa ta haura 300. Lambobin Amurka sun ɗan fi na Ingila girman ƙwaya, amma tsarin ɗaya ne. To, sai a yi lissafi. Idan bindiga mai rabin matsi ta harba BB a yadi 40, ƙwaya 48 ne za su faɗa cikin da'irar, watau kowace ƙwaya tana gadin fili kamar tafin hannun babban mutum. Kan zabo da wuyansa za su wuce ta tsakaninsu salin alin, ko kuwa ƙwaya ɗaya ta karya masa ƙafa ya tsere. Idan lamba 5 ce, ƙwaya wajen 150 ne a cikin da'irar, ninki uku ke nan. Maharbin da ya sayi BB ko AAA don yana fatan ya gamu da gada ko gyazbi, sa'an nan ya harbi zabo da shi, shi ya jawo wa kansa kuskure tun daga kanti. Ga zabo da fakara lamba 4 ko 5 ta fi dacewa, domin tana da yawan da zai rufe fili, tana kuma da nauyin da zai huda gashi.

YADDA AKE GWAJIN

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana yin gwaji tun kafin a shiga daji, a wurin da ya yi nesa da gidaje da hanya da burtali. Ga halin da ake ciki na tsaro, ya wajaba a sanar da mai unguwa da Sarkin Baka da ofishin 'yan sanda mafi kusa, don kada ƙarar harbi ta tayar da hankalin jama'a. A sami tudun ƙasa ko babban suri a bayan abin da za a harba. Kada a kafa shi a jikin dutse, gama ƙwaya takan daki dutse ta dawo.

Abin da ake bukata kaɗan ne: manyan kwalaye ko takardu masu faɗin mita guda kowane gefe, da sanduna biyu, da igiyar da aka auna, da alƙalami. A yi baƙin ɗigo a tsakiyar takarda. A auna nisa da igiya, kada a dogara da ido. Maharbi ya zauna, ya ɗora bindiga a kan gwafa ko buhun yashi, ya toshe kunnuwansa, ya auna ɗigon, ya ja kunama sannu a hankali. Bayan harbi sai ya buɗe bindiga ya fitar da kwanso kafin kowa ya nufi takardar.

Abu na farko da za a duba shi ne inda ƙwayoyi suka fi taruwa. A nan ne za a kafa ƙusa, a ɗaura mata zare mai tsawon inci 15, a zagaya da alƙalami, da'irar inci 30 ta fito. A ƙirga hudojin ciki ana yi wa kowanne alama don kada a maimaita. A duba kuma ko akwai gurbin da babu huda ko ɗaya wanda zabo zai iya tsayawa a ciki. Harbi ɗaya ba ya zama hujja, domin babu harsasai biyu da suke watsuwa iri ɗaya. A yi uku ko biyar, kowanne da sabuwar takarda. Mai baki biyu ya gwada kowane bututu daban. Wanda ya canja kamfanin harsashi ya sake gwaji, saboda bindiga ɗaya takan so wani harsashi ta ƙi wani, ko da lambarsu ɗaya ce.

Daga nan sai a maimaita a yadi 20 da yadi 30. A zana surar zabo daidai girmansa a ɗora a tsakiyar da'ira. Nisan da aka daina samun ƙwaya huɗu ko biyar a kai da wuya da ƙirji a kowane harbi, nan ne iyakar wannan bindiga, ko da mai ita ya rantse cewa ya taɓa kayar da tsuntsu daga hayin rafi. Ga yawancin bindigogin da ke hannun maharba, iyakar takan tsaya tsakanin yadi 30 da 35. Gwajin kusa shi ma yana da nasa darasi: a yadi 10 ko 15 ƙwayoyin cikakken matsi a cure suke, ba su fi faɗin faifai ba, don haka ko a kuskure tsuntsu ɗungum ko a dagargaza namansa.

IDO DA KUMATU DA KAFAƊA

Takarda takan tona wani asiri kuma, watau bindigar ba ta zuba ƙwaya inda mai ita yake kallo. Bindigar tsuntsu ɗan ƙullutu ɗaya gare ta a bakin bututu. Idon maharbi shi ne saitin baya. Idan kumatu bai kwanta sosai a kan katakon gindi ba, ido ya yi sama, harbi ma sai ya yi sama. Wannan ne ya sa wanda ya ɗaga kai don ya ga faɗuwar zabo yakan ga tashinsa. Idan an kwantar da kumatu daidai amma tarin ƙwaya ya ci gaba da karkata gefe guda a kowane harbi, to katakon bai dace da jikin mai shi ba, sai a kai wa mai gyaran da hukuma ta sani. Lanƙwasa bututu a tsakanin rassan itace ganganci ne.

Kowane mutum yana da idon da ya rinjayi ɗaya. Hanyar ganewa ita ce ya nuna wani abu mai nisa da yatsa idanunsa biyu a buɗe, sa'an nan ya rufe na hagu. In yatsa ya tsaya a kan abin, idon dama ne mai rinjaye. In ya kauce, na hagu ne. Wanda yake kafa bindiga a kafaɗar dama alhali idon hagu ne shugaba zai yi ta harbi gefe, har sai ya koyi runtse na hagun ko ya koma ɗaya kafaɗar. Akwai kuma tsoron shurin bindiga, wanda yake sa mutum ya runtse ido ya fizgi kunama. Maganinsa a danna gindin bindiga sosai a kafaɗa, a bar harsashi mai nauyin da ya wuce bukata.

Zabo ya fi son gudu da ƙafa, amma idan ya tashi ba ya jiran ƙwaya. Ƙwaya tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ta kai mita 30, tsuntsun da ke gudun kilomita 40 a awa kuwa ya ci fiye da mita ɗaya a wannan ɗan lokaci. Wanda ya auna jikinsa, bayansa zai harba. Sai a bi shi da bakin bindiga, a wuce kansa, a ja kunama ba tare da an tsayar da hannu ba. A zaɓi tsuntsu ɗaya. Harbi a tsakiyar garke yakan raunata uku a tsinci ɗaya.

Masu bindigar toka su ma gwajin ya shafe su, har ma sun fi kowa bukatarsa, domin ɗurinsu na yau ba shi ne na gobe ba. Ma'auni ɗaya a kowane ɗuri shi ne tushen daidaito. Ƙarin albarushi ba ya haɗa ƙwaya, tarwatsa ta yake yi, wani lokaci ya haɗa da bututun da yatsun mai shi. Gutsattsarin ƙusa da na rodi ba sa tafiya a miƙe. Garin da ke cikin harsashin kanti kuwa ko kusa kada a zuba shi a bindigar toka, ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta. Haka kuma mai bindigar kanti ya karanta tsawon harsashin da aka buga a jikin bututu, milimita 65 ko 70 ko 76, kada ya sa wanda ya fi shi tsawo.

DAJIN DA YA CIKA DA MUTANE

Lokacin da Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu, 1976, yawancin wannan ƙasa daji ne da ƙauyukan Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara da Bassa da Ganagana. Tun da gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991, gine-gine suke ta cin dajin nan. Inda aka yi farauta a bayan Kubwa da Lugbe da Gwagwalada a da, yanzu unguwanni ne da makarantu. A ɗan abin da ya rage kuma akwai makiyayi da shanunsa, da matan Gbagyi masu ɗauko itace a kafaɗa, da yara masu tsintar ƙwaryar doya.

Ƙwayar da ta gaza kashe zabo a yadi 50 ba ta tsaya nan ba. Lamba 6 takan kai mita 200 idan bakin bindiga ya ɗaga, BB kuwa takan wuce mita 300, kuma tana iya tsiyaye ido tun kafin ta faɗi. Saboda haka kada a harbi motsin ciyawa, kada a harbi kuka ko inuwa, sai an ga tsuntsu sarai an kuma ga abin da ke bayansa.

Ita kanta dalma guba ce. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a Jihar Zamfara, a 2015 kuma wasu 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, sanadin ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya. Ƙarfen nan ɗaya ne da na cikin harsashi. A cire ƙwayoyi, a yanke naman da ke kewaye da hanyar da suka bi kafin a dafa, musamman idan yara da masu ciki za su ci, kada kuma a narka dalma a cikin gida ko a tukunyar abinci. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991 saboda irin wannan dalili.

HUKUNCI DA DOKA

Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya nuna cewa farauta don wasa makaruhi ce, don bukata kuwa halal ce, kuma abin da maharbi ya riska da sauran rai sai ya yanka shi. Malaman Malikiyya na baya, irin su Shehu Abdulƙadir Alfasi na ƙasar Maroko, sun yi fatawar halaccin abin da aka kashe da harsashin bindiga idan an ambaci sunan Allah. Addinin da ya yi umurni da a wasa wuƙa don a hutar da abin yanka ba zai so a bar tsuntsu da karyayyen fiffike yana jiran tururuwa ba. Da damina kuwa, lokacin da zabi suke kwanci, wanda ya harbi uwa ya kashe garken baɗi.

Ta fuskar hukuma, Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora ba da lasisin bindigar tsuntsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sha'anin bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, ta kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba. A cikin 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Maharbin kirki ba ya fita sai da takardunsa a aljihu, kuma sai shugabanninsa sun san inda ya nufa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Sarakunan Baka da shugabannin ƙungiyoyin maharba na Birnin Tarayya za su yi wa sana'arsu babban alheri idan suka tsayar da rana ɗaya a farkon kowane rani, da sanin hukuma, kowa ya zo da bindigarsa da kwalinsa, a auna, a ƙirga, kowa ya koma gida ya san iyakar abin da ke hannunsa. Allah ya sa a shiga daji lafiya a fito lafiya, amin.